Gargaɗi ga masu ba da aikin kayan ɗaki: a duba ƙarafa kafin a cika kuɗi

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne domin iyaye da 'yan'uwa masu shirin aurar da 'ya'ya, saboda abin da ya same mu a Kano a hannun wani mai tallar kayan ɗaki a Facebook da WhatsApp, wanda ba zan kama sunansa ba tunda maganar tana gaban manya.

Mun ba shi aikin gado da sif da teburin cin abinci mai ƙafafun ƙarfe na auren ƙanwata. A shagon da ya kai mu, wanda daga baya muka gano ba nasa ba ne, ya nuna mana samfuri mai nauyi, da mariƙan tagulla da hinji mai kauri, kowace ƙafa kuma a ɗaure da noti. Muka ba da kafin alƙalami, shi kuwa ya yi ta ja mana rai har sai ana gobe jere, sannan ya iso da daddare da kaya a naɗe cikin leda, ya ce ba za a sauke ba sai an cika masa kuɗi. Na tabbata jinkirin nan yana cikin dabarar, domin ya san babu wanda zai tsaya bin ƙusa ɗaya bayan ɗaya alhali dangi sun cika gida.

Ba a yi wata uku ba ƙofar sif ta ɓalle ta faɗo, Allah ya kiyaye ba ta danne kowa ba. Wani dattijon kafinta da muka kira ya ciro ƙusar hinjin da yatsu biyu, garin katako yana bin ta. Ya bayyana mana cewa allon MDF da aka yi sif ɗin da shi garin katako ne da aka matse da gam, kuma gefensa ba ya riƙe ƙusa sosai, don haka sai an fara huda ɗan rami kafin a murɗa ƙusa mai zare a hankali. Shi kuwa wanda muka ba aikin da guduma ya buga su, zaren ya farfasa wurin da ya kamata ya kama, sannan ya ɗura gam ya rufe aibin. A kowane hinji ma rabin ramukan babu komai a ciki.

Teburin ya fi ba ni takaici, domin katakonsa mai kyau ne, aikin ne ya kashe shi. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, ƙarfe kuwa ba ya bin sa, shi ya sa mai aikin gaskiya yake yin ramukan ƙarfen da ɗan tsawo domin katakon ya samu wurin motsi. Nasa a matse ya ɗaure su, hunturu na shigowa saman teburin ya tsage daga wannan baki zuwa wancan.

Mariƙan kuma dattijon ya kanga musu maganaɗisu, sai ya manne. Tagulla ta gaske ba ta kama maganaɗisu, waɗannan baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin launi, har tsatsa ta fara leƙowa.

Ina roƙon duk mai irin wannan shiri ya je inda ake aikin tun kafin a yi fenti, ya tafi da kafintan da ya yarda da shi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya sa a kwance hinji ɗaya da ƙafa ɗaya a gabansa. A rubuta irin katako da irin ƙarfe a takardar yarjejeniya da shaidu, a sa ranar karɓa aƙalla mako 2 kafin jere, kuma kada a karɓi kaya cikin duhu.

Mutumin ya toshe lambobinmu, ya sauya sunan shafinsa, amma hotunan nan dai su ne yake talla da su har yau.