Rangadin Obera da Gonakinsa: Bitar Hidimar Wani Ɗan Jagora

A lardin Misiyones da ke kusurwar arewa maso gabashin Ajantina, inda ƙasar ta miƙa wani siririn yanki tsakanin Barazil da Faragwai, akwai wani ƙaramin kamfani na iyali da ke ɗaukar baƙi rangadin yini guda a cikin garin Obera da gonakin da suka kewaye shi. Maigidan ne ke tuƙi yana bayani, uwargidan ke riƙe da lissafi da amsa saƙonni, mahaifiyarsa kuma ita ce mai girki. Takardar tallarsu ta yi alkawarin zagaya gari da safe, da ziyartar masana'antar sarrafa mate, wani ganye da ake jiƙawa a sha kamar shayi, da kuma gonar shayi, sannan a ci abincin rana a gidansu da ke bayan gari. Na sakaya sunansu saboda akwai abin da zan kushe, amma hukuncina tun daga farko shi ne hidimar ta ci kuɗinta, kuma ta ci shi ne a wuraren da takardar tallar ba ta ɗauka da muhimmanci ba.

Abin da baƙo zai fara gani a Obera shi ne ƙasar. Ja ce jawur saboda yawan sinadarin ƙarfe da ke cikinta, tana rina tayar mota da gindin bango da takalmin duk wanda ya taka ta, kuma da yake ruwan sama yana kaiwa kusan milimita 2,000 a shekara ba tare da rani na gaskiya ba, korayen itatuwa ba sa taɓa yin nisa da wannan ja. Garin yana kan tudu da kwari, kimanin kilomita 100 daga Posadas, babban birnin lardin, kuma shi ne na biyu a girma a Misiyones, da mutane sama da 60,000 a ƙidayar 2010. An kafa shi ranar 9 ga Yuli, 1928, a wurin da a da ake kira Yerbal Viejo. Cikin waɗanda suka fara sare kurmin akwai mutanen Suwidin da suka fara gwada zama a Barazil bai yi musu ba, suka ƙetaro iyaka, sannan Jamusawa da mutanen Folan da Yukiren da Rasha da Suwizalan da Japan da Larabawan Siriya da Labanan suka biyo baya, ga kuma maƙwabta daga Faragwai da Barazil waɗanda tun asali ba baƙi ba ne a wannan daji.

A nan gwanintar ɗan jagoran ta fara bayyana. Bai tsaya yana zuba mana tarihi daga kansa ba, sai ya ajiye motar a tsakiyar gari ya ce mu taka da ƙafa a titin Sarmiento mu riƙa karanta sunayen da ke kan shaguna. Ga kantin kayan gini mai sunan Bajamushe, ga kantin magani mai sunan ɗan Folan mai tarin baƙaƙen da ke wahalar furtawa, ga shagon yadi mai sunan Balarabe, kuma dukansu Sifaniyanci ɗaya suke yi da abokan ciniki, wanda kusancin Barazil da Faragwai ya bar masa tambarinsa. Ya nuna mana majami'u, waɗanda a garin sun haura 30, wata mai ƙubba irin ta gabashin Turai, wata ta mabiya Luther mai sauƙin gini, kowace tana nuna inda masu gininta suka fito. A bakin wata makaranta na ga wasu samari uku zaune a inuwa, ɗaya mai farin gashi da shuɗin ido, ɗaya mai kamannin mutanen Japan, ɗaya wankan tarwaɗa, suna miƙa wa juna kofi guda na terere, wato mate da ruwan sanyi, suna gardamar ƙwallo. Ɗan jagoran bai ce komai a kansu ba, ya dai rage tafiya har muka gani, kuma na ɗauki wannan a matsayin alamar mutumin da ya san aikinsa.

Filin da ake kira Parque de las Naciones shi ne wurin da ya fi rauni a shirin safiyar, kuma laifin na takardar tallar ne. A nan ake yin Bikin 'Yan Ci-rani na Ƙasa a watan Satumba, bikin da aka fara a 1980, inda kowace al'umma ke da gidanta da aka gina da fasalin ƙasar kakanninta, ana girki ana rawa cikin tufafin gargajiya. Hotunan bikin ne suka cika takardar, alhali wanda ya zo a wani watan zai tarar da fili mai kyau amma shiru, yawancin ƙofofi a rufe. Ya kamata su faɗi haka a fili kafin mutum ya biya.

Daga nan muka nufi masana'antar mate, kuma ko da wannan kaɗai aka kai ni da ban yi ƙorafi ba. Mate ganyen wata itaciya ce ta wannan yanki, wadda mutanen Guarani suka daɗe suna sha kafin zuwan Turawa, kuma a Ajantina ba a noma ta sai a Misiyones da arewa maso gabashin lardin Koriyentes. Ganyen ba ya jira, dole a kai shi wuta cikin sa'o'i kaɗan da yankewa, in ba haka ba ya yi baƙi ya lalace. Muka tsaya kusa da wata doguwar gangar ƙarfe mai juyawa, harshen wuta na shiga ta baki ɗaya, ana zuba ɗanyen ganye yana ratsa wutar na ɗan daƙiƙu yana tartsatsi, ya fito ta ɗaya bakin da korensa a tsaye. Zafin wurin yana dukan fuska, ƙamshin kuwa na ciyawa ne da hayaƙi, yana kama riga har dare. Bayan haka ake busar da shi a hankali, a farfasa shi manya-manya, a ɗura a buhuna a jibge a sito ya kwana watanni, wani ma har ya haura shekara, kafin a niƙa a gauraya ganye da kara da gari daidai da ɗanɗanon da ake so. Ɗan jagoran ya buɗe buhu biyu, sabo da wanda ya daɗe, ya ce mu ɗiba mu shinshina. Sabon kore ne shar mai kaifin ɗaci, tsohon ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, ƙamshinsa ya kwanta. Babu littafin da zai koya wa mutum wannan bambanci, gani ya kori ji.

A ƙarƙashin wata rumfa ya koya mana yadda ake sha. Ana cika ɗan ƙoƙon duma da ganye kusan kashi uku cikin huɗu, a karkata shi ganyen ya taru gefe guda, a soka bututun ƙarfe mai rariya a gindi, sannan a zuba ruwan zafi daga fulas, ruwan da bai tafasa ba, tsakanin digiri 70 da 80, domin tafasasshe yana ƙona ganyen ya kashe ɗanɗanon da wuri. Mutum ɗaya ne ke zubawa, ya miƙa maka ka shanye ka mayar masa, ya sake cikawa ya miƙa wa na gaba, kuma ba a juya bututun, ba a kuma yin godiya sai lokacin da mutum ya ƙoshi, domin godiyar ita ce sanarwar cewa a tsallake shi a zagaye na gaba. Ga wanda ba ya son haɗa baki da kowa, sun tanadi ƙoƙo daban ba tare da an nuna masa ya yi wani abin kunya ba, kuma na yaba wannan ƙwarai. A nan ne ya gaya mana abin da ya fi ba ni mamaki, cewa Siriya ce ta fi kowace ƙasa sayen mate daga Ajantina, saboda 'yan ci-ranin da suka koma gida sun tafi da al'adar, ta kama a Siriya da Labanan har yau. Wato ƙaurar da ta gina wannan gari ba hanya ɗaya ta bi ba.

Gonar shayin ba mu daɗe a cikinta ba. Layuka ne masu tsawo da aka aske samansu daidai saboda injin ke girbi, kuma mafi yawan shayin Ajantina daga wannan lardi yake fitowa, ana fitar da kaso mai yawa zuwa Amurka inda ake shan sa da ƙanƙara. Wurin ya yi kyau a ido, bayanin kuma ya wadatar.

Abincin rana kuwa shi ne garin gaba ɗaya a kan teburi guda. Tsohuwar, wadda iyayenta suka zo daga Yukiren, ta kawo varenikes, wato ƙullun alkama da aka naɗe da dankalin turawa da cuku a ciki aka dafa, aka zuba soyayyar albasa a kai. A gefensu ga dafaffen rogo, wanda a nan yake maye gurbin burodi, ga chipa, ƙananan dunƙulen garin rogo da cuku masu ɓawo a waje da danƙo a ciki, ga kuma reviro, garin alkama da ake soyawa a tukunyar ƙarfe ana dama shi da muciya har ya warware ya yi kama da dambu. Reviro abincin 'yan ƙwadagon daji ne, mai arha mai riƙe ciki, kuma ganin sa a kwano ɗaya da girkin gabashin Turai ya fi duk wani jawabi bayyana yadda mutanen nan suka zama abu guda. Varenikes ɗin sun yi laushi ba su yi ruwa ba, chipa kuwa da zafinta aka kawo daga tanderun ƙasa da ke tsakar gida.

Sai dai Musulmi ya buɗe ido a nan. Girkin wannan yanki yana amfani da kitsen alade da tsiren alade a wuraren da baƙo ba zai zata ba, har cikin reviro da albasar da ake zubawa kan varenikes. Na sanar da kamfanin tun lokacin da na kama gurbi, aka amsa mini cewa an ji, amma saƙon bai isa madafa ba, sai da na sake tambaya a bakin teburi aka gane. Uwargidan ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, tsohuwar ta ɗora wata tukunya ta sake soya nawa da man tsiro, aka gasa mini kifin surubi na kogin Parana, mai kauri marar ƙaya da yawa. Gyaran ya yi kyau, amma kamfanin da ke karɓar baƙi daga nesa bai kamata ya bar irin wannan ga sa'a ba. Ban ci karo da mahautar halal a garin ba, saboda haka kifi da ƙwai da rogo su ne mafita, kuma a maimaita bayanin ga mai girkin da kanta.

Babban abin da na riƙe a kansu ya wuce batun abinci. Labarin da suke bayarwa na masu gona ne, na kakannin da suka zo da akwati ɗaya suka sare kurmi suka yi arziki, kuma labarin gaskiya ne da ya cancanci a faɗa. Amma a hanyarmu mun wuce 'yan ƙwadagon da ke yankan ganyen da hannu, waɗanda ake kira tareferos, suna ɗaure shi cikin manyan ƙunshi masu nauyi ana ɗorawa a sikeli, domin da nauyin abin da mutum ya yanka ake biyan sa, kuma babban girbin daga Afrilu zuwa Satumba ne kawai, sauran watannin sai abin da hali ya yi. Ɗan jagoran bai tsaya ba, bai kuma ambace su ba. Haka nan bai taɓo mutanen Mbya Guarani ba, waɗanda ke wannan daji kafin kowa, har yanzu kuma suna zaune a ƙauyukansu cikin lardin. Sai da na tambaya ya yi maganar ranar 15 ga Maris, 1936, lokacin da manoma 'yan ci-rani, yawancinsu daga Yukiren da Rasha da Folan, suka taho gari da mata da yara suna neman farashi mai kyau ga amfanin gonarsu, musamman taba, 'yan sanda suka tarye su da harbi, aka rasa rayuka. Da ya fara sai ga shi ya san labarin sarai, ya kuma ba da shi cikin nutsuwa da girmamawa. Ya ce baƙi hutu suka zo, ba ya son ɓata musu rai. Ban yarda da wannan dalili ba, domin zaman lafiyar da ake gani a titin Sarmiento ya fi daraja a idon wanda ya san cewa ba a sama aka tsince shi ba, kuma wanda ya sha mate ya kamata ya san hannun da ya yanko shi.

Wanda zai je ya sani cewa bayanin duk da Sifaniyanci ne, Turancin ɗan jagoran kaɗan ne, saboda haka a tafi da mai fassara idan ana son cin moriyar tafiyar. Sun fi son a biya da tsabar kuɗin feso, kuma da yake farashi a Ajantina ba ya zama wuri ɗaya, a tabbatar da kuɗin kwana kaɗan kafin ranar, kada a dogara da abin da aka gani a tsohuwar takarda. Motar tana da tsabta, an zo ɗaukata a kan lokaci, amma shagunan gari suna rufewa da rana tsaka har zuwa la'asar, don haka duk sayayyar da za a yi a gama ta da safe. A sa takalmin da ba a jin asararsa, a riƙe rigar ruwa ko da sama ta yi garau, kuma tun a mota a roƙi ɗan jagoran ya tsaya wurin masu yankan ganye ya kuma ba da labarin 1936, domin idan aka nema yana bayarwa.