Shagon giyar inabi da ke fara tambayar abin da ke cikin tukunya

A unguwar Croix-Rousse da ke kan tudu a birnin Lyon akwai wani ɗan shagon giyar inabi da nake so masu sha su sani, musamman 'yan'uwa mazauna Faransa da ke tsayawa gaban kwalabe a babban kanti su rasa wadda za su ɗauka. Mai shagon ba ya fara tambayar nawa ka riƙo. Da na shiga, abin da yake cewa shi ne, "Madam, me za ki dafa?"

Ranar da na ce gasasshiyar kaza da dankali, niyyata in sayi wata mai tsada daga Bordeaux. Ya girgiza kai, ya miƙo mini Morgon wadda kuɗinta bai kai yuro 20 ba. Morgon ɗaya ce daga cikin gundumomi 10 na Beaujolais, can arewa da Lyon, da aka fi ji da giyarsu, kuma da inabin gamay ake yin ta. Kada a haɗa ta da Beaujolais nouveau da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba. Waccan ta shan nan take ce, wannan kuwa tana iya shekaru a ajiye. Ya ce in sa ta a firji na ɗan lokaci kafin a zauna cin abinci. Na bi maganarsa. Ɗan tsaminta ya yanke maiƙon fatar kazar, ƙamshinta kuma bai danne na naman ba. Har cukun Saint-Marcellin da muka ci daga baya ta raka shi lafiya.

Bayaninsa a kan bauri ne ya fi yi mini amfani. Jar giya tana da wani bauri irin na goro, daga fatar inabi da ƙwayarsa yake fitowa, shi ke busar da baki. Kitse da jan nama suna kwantar da shi. Shi ya sa Cahors, jar giyar kudu maso yammacin Faransa wadda aƙalla kashi 70 cikin 100 nata inabin malbec ne, ta dace da cinyar agwagwa da aka dafa cikin kitsenta. Na gwada, kuma gaskiyarsa. A kan kaza ko kifi kuwa, baurin kaɗai za ka ji.

Inda na ga iyakarsa shi ne barkono. Girkin Lyon ba shi da yaji, don haka da na ce zan gasa naman rago da yajin ƙuli, sai ya ba ni wata mai ƙarfi daga kudancin kwarin Rhône, yana lissafin ragon kawai. Barkono da ƙarfin giyar suka haɗu, baki ya yi ta raɗaɗi, ɗanɗanon naman ya ɓace. Da na koma na gaya masa, bai musa ba, ya ce in gwada Fleurie mai sanyi, wadda ita ma giyar Beaujolais ce kamar Morgon. Ita ce ta zauna daidai.

Shagon ƙarami ne, mutum uku sun cika shi, kuma ranar Asabar sai ka yi haƙurin jira domin sai mai shagon ya saurari girkin kowa. In abincinka mai yaji ne, ka faɗa masa tun farko, ka kuma gaya masa yawan barkonon.