Ƙaramar Waya, Agogo Ko Manhaja: Me Ya Kamata Mai Son Rage Latsa Waya Ya Saya?

Duk wanda ke neman hankalinsa ya riƙa tsayawa wuri guda, ya kamata ya san cewa nisanta waya daga jiki ya fi alƙawarin da mutum ke yi wa kansa tasiri. A shekarar 2017, Adrian Ward na Jami'ar Texas a Amurka da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai kusan 800, inda waɗanda suka bar wayoyinsu a wani ɗaki suka fi waɗanda suka ajiye su a kan tebur ƙoƙari a gwajin da ke buƙatar natsuwa, alhali an rufe sautin wayoyin duka. Da wannan ma'auni nake auna kayan da ke kasuwa.

Mafi sauƙi shi ne abin da ke cikin wayar tun asali, wato Digital Wellbeing a Android da Screen Time a iPhone, waɗanda suka fito a 2018. Kyauta ne, suna ƙidaya awannin da aka ɓata, suna kuma rufe TikTok ko Facebook idan lokacin da aka ɗiba ya cika. Rauninsu shi ne mabuɗin yana hannun wanda aka kulle, don haka amfaninsu bai wuce nuna wa mutum girman matsalarsa ba.

Ƙaramar waya mai madannai, irin Nokia 105 ko ƙananan itel, ita na fi amincewa da ita. Cajinta yana kwanaki, tana kira, tana aika saƙo, ana tura kuɗi da ita ta lambobin banki, sannan babu abin da zai ja mutum ya kai tsakar dare yana kallo. Mai saye ya duba ko tana ɗaukar layi biyu, ya tabbatar batirin na asali ne, ya kuma guji wadda aka saka wa Facebook, domin da ita an koma gidan jiya. Cikas ɗinta WhatsApp ne: telan da ake turo wa hoton ɗinki, ko mai sayar da atamfa ta waya, ba za su iya rabuwa da babbar waya ba. Irin waɗannan sai su mayar da layin kira cikin ƙaramar, su bar babbar a aljihun tebur, su riƙa buɗe ta a lokuta ƙayyadaddu, misali bayan Azahar da bayan Isha'i.

Agogo mai ƙararrawa ya fi komai araha, kuma shi ke hana waya kwana a ƙarƙashin matashin kai da sunan tashin Asuba. Kindle kuwa, wato na'urar karanta littattafai, ba ta gajiyar da ido, saƙonni ba sa shigowa, amma tana da tsada, kuma littattafan Hausa kaɗan ne a kasuwarta.

Game da ƙirƙira, binciken Jami'ar Stanford na 2014 ya nuna mutane sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya a ƙasa fiye da suna zaune. Irin waɗannan lokutan, da zaman jira a layi ko cikin adaidaita sahu, su waya ke cinyewa, kuma idan aka ƙwato su tunani yakan zo ba shiri. Saboda haka a haɗa da biro da ɗan littafin rubutu mai kaurin bango, wanda zai shiga aljihun riga ba tare da ya lanƙwashe ba.