WARICC: abin da rumbun bayanan rikicin ruwa na cikin ƙasa yake iyawa, da inda yake yaudarar mai gaggawa

Mafi yawan alƙaluman da ake da su kan rigimar ruwa sun shafi ƙasa da ƙasa ne, kamar Masar da Habasha a kan kogin Nilu, ko Turkiyya da Iraƙi a kan Furatu. Rumbun TFDD, mai tattara bayanan rigingimu da yarjejeniyoyin ruwan da ya ratsa iyakar ƙasashe, na Jami'ar Jihar Oregon a Amurka, wanda Aaron Wolf ya jagoranta, ya daɗe yana tattara irin waɗannan, da ma'auninsa mai tashi daga −7 zuwa +7. Amma gardamar da ta fi taɓa mutane a kullum ba ta tsallake iyaka. Manoman rani ne da hukumar ban ruwa, ƙauyen da za a tasa saboda madatsar ruwa, ko yankin da ake son karkatar da koginsa zuwa wani yankin. Wannan giɓi ne WARICC, rumbun bayanan rikici da haɗin kai kan ruwa a cikin ƙasa ɗaya, ya zo ya cike, kuma ya cancanci yabo a kan haka tun kafin a shiga lissafa kurakuransa.

Masu bincike na ETH Zurich a Suwizalan da cibiyar binciken zaman lafiya ta PRIO da ke birnin Oslo na Norway ne suka haɗa shi, cikinsu akwai Thomas Bernauer da Tobias Böhmelt da Halvard Buhaug da Nils Petter Gleditsch. Sun gabatar da shi a mujallar International Interactions a 2012, ƙarƙashin CLICO, aikin bincike kan sauyin yanayi da rikicin ruwa da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi. Ya ƙunshi al'amura 10,352 daga ƙasashe 35 na gaɓar Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da yankin Sahel, daga 1997 zuwa 2009. Layi ɗaya lamari ɗaya ne: ranar da ya faru, wurin, masu hannu a ciki, da makin da aka ba shi. Dukkan labaran daga BBC Monitoring aka ciro su, wato sashen da ke bibiyar jaridu da gidajen rediyo da talabijin na ƙasashen duniya yana fassara su zuwa Turanci. An yi bincike da kalmomi irin su ruwa, kogi, tafki, madatsa, ban ruwa, fari da ambaliya, sannan mutane suka karanta abin da ya fito suka tace da hannu.

Babban alherin rumbun shi ne bai tsaya ga faɗa kaɗai ba. Kundin Water Conflict Chronology na cibiyar Pacific Institute rikici yake tarawa, rumbunan rikice-rikice na ACLED da UCDP kuma galibi tashin hankali suke ƙirgawa. Wanda ya dogara da su kaɗai zai ɗauka ruwa ba ya haifar da komai sai jini, domin ba a gina su don rubuta ranar da aka zauna aka sasanta kan ruwa ba. WARICC yana rubuta yarjejeniya da zanga-zanga da taron yau da kullum a teburi guda, don haka ana iya tambayar kaso nawa ne na al'amuran ruwa suka zama rigima. Amsar da ta fito tana da muhimmanci: al'amuran haɗin kai sun fi na rikici yawa, waɗanda suka kai ga zubar da jini kuwa ƙalilan ne ƙwarai.

Zuciyar aikin ita ce ma'aunin WES da ake ba kowane lamari maki da shi, mai matakai 11 daga −5 zuwa +5, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Maki +5 na abin da ake ganin zai inganta yawa ko tsabtar ruwa a ƙasa baki ɗaya ne, +4 na matakin yanki, +2 na yarjejeniyar da aka sa wa hannu, +1 na ɗan gyara a ƙaramin wuri. Sifili na harkokin da ba su da wani tasiri bayyananne. A ɗaya ɓangaren, −2 na tsamin dangantaka a cikin gwamnati ko tsakanin ƙasashe ne, −3 na babbar adawar jama'a, −4 na taɓarɓarewar ruwa a yanki, −5 kuma ya haɗa taɓarɓarewa a ƙasa baki ɗaya da amfani da ƙarfi.

Idan aka lura, ma'aunin yana auna abu biyu a lokaci guda: tasirin lamarin a kan ruwa, da kuma zafin dangantakar mutane. Ba kullum suke tafiya tare ba. Rumbun yana karɓar matakin da ɓangare ɗaya ya ɗauka shi kaɗai, saboda haka gwamnatin da ta ƙaddamar da aikin ruwa ba tare da tuntuɓar kowa ba tana iya samun maki mai kyau. Mai karatu da ya ga an rubuta haɗin kai zai zaci mutane ne suka yi musafaha, alhali wani lokaci minista ne kawai ya aza harsashi. Madatsar Merowe a Sudan ta nuna wannan ƙarara. An buɗe ta a 2009, ta ƙara wa ƙasar wutar lantarki sosai, amma ta raba dubun dubatar mutanen Manasir da Amri da Hamadab da gidajensu, kuma a Afrilun 2006 an harbe mutum uku a Amri cikin masu adawa da tashin. Aiki ɗaya ne, sai dai labaransa za su watsu a ɓangarori biyu na ma'aunin.

Misalin Sifaniya ya fi wannan wahalar warwarewa. A 2001 gwamnati ta amince da shirin kwasar ruwa mita cubic miliyan 1,050 a shekara daga kogin Ebro zuwa Barcelona da Valencia da Murcia da Almería. Mutanen Aragon da na bakin kogin suka cika tituna suna adawa. A 2004 sabuwar gwamnati ta soke shirin. Ga mutumin Zaragoza, babban birnin Aragon, sokewar nasara ce, ga manomin Murcia kuwa an hana shi ruwan da aka yi masa alkawari. Wane maki za a ba ranar sokewar? Duk alamar da mai shigar da bayanai ya zaɓa, ya tsaya a gefen wani. Wannan ba sakaci ba ne daga masu aikin, iyakar lamba ɗaya ce idan aka ɗora mata gardamar rabo.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake fitowa, wato ɗaukar matsakaicin maki na kowace ƙasa a kowace shekara. Ƙasar da ta samu lamari ɗaya mai +4 da wani mai −4 za ta fito da sifili, daidai da ƙasar da ba a yi komai a cikinta ba sai tarukan ma'aikata. Waɗannan ƙasashe biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Abin da ya fi shi ne a ƙirga masu maki ƙasa da sifili daban, masu sama da sifili daban, a raba kowanne da jimillar al'amuran shekarar, sannan a ware na −5 a karanta bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Ba su da yawa, karanta su ba zai ci lokaci ba, kuma ta haka ne kaɗai za a bambance gurɓatar ruwa da harbin mutane. A kuma tuna cewa matakan jeri ne kawai. Babu wanda ya ce tazarar +1 zuwa +2 daidai take da ta +4 zuwa +5.

Matsala ta biyu ita ce tushe guda, wato dogaro da BBC Monitoring kaɗai. Idan aka raba 10,352 ga ƙasashe 35 da shekaru 13, ana samun kusan al'amura 23 ga kowace ƙasa a shekara, amma ba haka rabon yake ba. Ƙasar da kafafen labaranta suke da ƙarfi, duniya kuma ta zuba mata ido, tana cika layuka. Karkarar Mali ko Nijar ko Chadi, inda ake sasanta rigimar rijiya da mashaya a gaban dattawa ba tare da ɗan jarida ya ji ba, ba ta barin alama. Haka nan a ƙasar da gwamnati ke riƙe da kafafen labarai, bukin buɗe famfo zai shiga, ƙorafin unguwar da ta yi wata ba ruwa ba zai shiga ba. Don haka idan aka ga ƙasa mai mulkin dimokuraɗiyya ta fi yawan rikicin ruwa marar tashin hankali, sai an tambaya ko rikicin ne ya fi yawa ko damar bayyana shi. Wanda zai kwatanta ƙasashe ya sa yawan rahotannin kowace ƙasa cikin lissafinsa, ko kuma ya taƙaita ga kwatanta ƙasa da kanta daga shekara zuwa shekara. Shekarar da babu layi ko ɗaya a bar ta a matsayin babu bayani, kada a cike ta da sifili.

Kowane lamari yana da lambobin wurinsa a taswira, abin da ke ba da damar haɗa shi da bayanan ruwan sama. Kafin a yi hakan a fara zuba ɗigon a kan taswira a duba. A irin waɗannan rumbuna, dokar da majalisa ta zartar ko jawabin minista yakan faɗa kan babban birni, ko da kogin da ake magana a kansa yana nesa da ɗaruruwan kilomita. Wanda ya haɗa irin wannan ɗigo da CHIRPS, rumbun bayanan ruwan sama da ya rarraba taswira zuwa murabba'ai na kusan kilomita 5, zai auna ruwan saman Ankara, babban birnin Turkiyya, alhali maganar ta madatsar Ilisu ce a kudu maso gabashin Turkiyya. A ware al'amuran matakin ƙasa daga na ƙauye da gunduma tukuna. Na biyun ne kawai suka dace da ƙananan murabba'ai, kuma ko su ma tsarin rarraba taswira na PRIO-GRID mai murabba'in rabin digiri, kusan kilomita 55, ya fi aminci. Sannan ruwan da ke kogi daga sama yake gangarowa, don haka ruwan saman kwarin kogin baki ɗaya ake buƙata, tare da jinkirin damina ɗaya ko biyu. A duba maimaici ma: a jera layukan bisa ƙasa da rana da wuri, domin doguwar taƙaddama takan fito a labarai da yawa.

Da wannan rumbu ne Böhmelt da abokan aikinsa suka yi nazarin da ya fito a mujallar Global Environmental Change a 2014. Sun gano cewa matsin buƙata, wato yawan jama'a da noma da bunƙasar tattalin arziki, ya fi sauyin ruwan sama da zafi tasiri wajen tayar da rikicin ruwa, kwanciyar hankalin siyasa kuma tana iya ƙarfafa haɗin kai. Sakamakon ya dace da abin da masu aikin ruwa suke gani a fili, kuma yana rage kaifin maganar da ake yawan yi cewa fari kai tsaye yake haifar da yaƙi. Sai dai shekara 13 gajeren zango ne ga mai son auna yanayi.

Tsufan bayanan shi ne abin da ya fi rage masa daraja a yau. Ya tsaya a 2009, don haka babu juyin juya halin ƙasashen Larabawa na 2011, babu yaƙin Siriya, babu GERD, babbar madatsar da Habasha ta fara ginawa a kan reshen kogin Nilu a 2011, babu rikicin Sahel da ya ɓarke daga 2012. Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke nazarin wancan zamani, ko malamin da ke koyar da yadda ake mayar da labarai alƙaluma, kaya ne mai kyau da ya cancanci lokaci. Mai shirya gargaɗin gaggawa ko rahoton halin da ake ciki ba zai samu biyan buƙata ba. Shi abin da zai ɗauka daga WARICC shi ne tsarin aikin: ya gina sabon teburi daga 2010, ya ƙara jaridu da gidajen rediyo na harsunan gida a kan tushe guda, ya raba ma'aunin gida biyu, ɗaya na tasiri a kan ruwa ɗaya na zafin dangantaka, ya kuma ƙara gurbin da zai nuna wa ya samu ruwan da wa ya rasa.