Keken Beljiyam da na saya a Abuja, bayan wata 5 ina hawansa a Gwarinpa

Tun da aka yi min canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja na kama ɗaki a Gwarinpa, wallahi watan farko ban san ko'ina ba sai hanyar ofis da hanyar gida. Mu da muka taso a cikin gari kwatance ai da masallaci ake yi ko mai shayi ko gidan wane, a ce ka wuce rijiya ka sha kwana ka tambayi yara. Nan kuwa komai lamba ne, 1st Avenue har zuwa 7th Avenue, kowanne da ƙananan tituna su ma da lambobinsu, gidajen kuma kamar an buga su da hatimi ɗaya tunda gwamnati ce ta zana unguwar ta gina lokacin Abacha, katanga doguwa, get a rufe, ba dakali ba majalisa, ba wanda za ka yi wa sallama balle ka tambaye shi hanya. Ga kuɗin Keke Napep da ya haukace tun da aka cire tallafin mai a 2023, fita kaɗan sai ka ji aljihu ya yi sauƙi. Shi ya sa na ce bari in sayi keke.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani mai sayar da na hannu, irin waɗanda ake cewa Beljiyam. Shagon ba wani babba ba ne, kekuna ne a jingine wani kan wani har waje, na yara sun fi yawa. Mutumin yana da haƙuri gaskiya, ya bar ni na gwada guda 4 ina zagayawa ina dawowa bai ɓata rai ba, shi da kansa ma ya hana ni ɗaukar wani ja da ya fi burge ni, ya ce "Yallaɓai wannan ya yi maka gajere, gwiwarka za ta gaya maka." Wanda na ɗauka baƙi ne mai giya, taya mai kauri, bodinsa na alminiyom ne shi ya sa ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in hau bene. Ya fara daga 110,000 muka yi ta ja har muka tsaya a 85,000, ya ƙara min da famfo.

Abin da na fi yabawa giyar ce. Ni da na saba da Phoenix ɗin babanmu, wanda in ka zo hawa sai dai ka miƙe tsaye kana taka feda kana nishi, da farko na ɗauka giya gayu ne kawai. Ashe Abuja ba Kano ba ce, ƙasar nan hawa da gangara ce, a mota ba ka lura sai ka hau keke cinyarka ta fara yi maka bayani. In ka sauke giyar sai ka haye a zaune kana tafiya a hankali kamar ba komai. Birkin gaba da na baya duk suna kamawa sosai, kuma ana buƙatarsu, don titunan nan masu faɗi ne da kwalta mai kyau, masu mota gudu suke kamar an biyo su, babu kuma wani gefe da aka ware wa mai keke, kai da kwata ne a gefen titi.

Inda ya ba ni haushi kuwa tub ne. Ya rantse min sababbi ya saka, kwana 9 tayar baya ta sace ina can wajen 6th Avenue da yamma, na turo shi da ƙafa ina zufa. Kuma nan ne za ka san ba a gida kake ba, a Kano kowace kwana akwai mai faci a gindin bishiya, nan sai da na tambayi masu gadi uku kafin wani ya kwatanta min wani dattijo. Da ya zaro tub ɗin sai ya ɗaga min shi yana dariya, faci 5 na ƙirga a jiki, ya ce "ɗana wannan ai ya girme ka." Na koma shagon washegari, bai musa ba, ya canza min ɗaya kyauta, ɗayan kuma ya ce sai na biya. Na biya dai amma raina bai so ba. Sirdin ma siriri ne mai tauri, sati guda ina zama a karkace a ofis, dole na canza mai faɗi. Ba madgad, ba kariyar ɗora kaya, ba fitila, duk ni na saya daga baya, kuma madgad ɗin nan kar ka yi wasa da shi, ruwan Abuja tun Afrilu yake farawa, ranar da na fita ba shi layin taɓo ne tun daga ƙugu har ƙeya a bayan farar shadda.

Amma fa keken nan shi ya sanar da ni unguwar. Asabar da Lahadi bayan asuba nake fita kafin motoci su farka, in shiga layi in ga inda zai kai ni. A haka na gane duk layin da aka rubuta Close ba ya ɓullewa, sai dai ka juyo karnuka na yi maka haushi ta bayan get, na gane Crescent zagayowa yake ya dawo da kai titin da ka baro. A haka na gano masallacin da ya fi kusa da ni ashe yana bayan layinmu ne ni kuma ina ta zuwa mai nisa, na gano mai ƙosai da koko, na gano wajen Tipper Garage da daddare kamar ka koma gida, masu tsire da masu shayi ana ta Hausa. Masu gadi kuwa yawancinsu 'yan Arewa ne, wanda ke cikin mota gilas a rufe ba ruwansa da su, ni kuwa sai in taka birki mu gaisa, yanzu har "Malam mai keke" suke ce min, wani ɗan Katsina ma kullum sai ya tsayar da ni mun sha shayi a bakin get ɗin maigidansa.

In za ka saya ka je da wanda ya san keke, ka sa a zaro tub a gabanka, ka juya taya ka ga ko gargaren ya lanƙwashe, ka gwada giya ɗaya bayan ɗaya kana kai. Ka sayi kwaɗo da sarƙa mai kauri tun ranar. Babban titin Kubwa kuwa ban taɓa hawa da shi ba kuma ba ni da niyya. Keken na ba shi 4 cikin 5, mai shagon 3 saboda tub ɗin nan, har yanzu in na wuce sai na tuna masa.