Cajar Victron Blue Smart IP65 12/15 da batirin LiFePO4: inda ta gamsar da inda ya kamata a kula

Mai sayen batirin litiyam nau'in LiFePO4 yakan daɗe yana tantance girman batirin da sunan kamfanin da ya ƙera shi, amma idan aka zo kan caja sai ya ɗauki duk wadda ta zo hannu, alhali kuwa saitin cajar yana da babban tasiri a kan shekarun da batirin zai yi yana aiki. Da wannan ma'aunin na duba Blue Smart IP65 mai 12V da 15A, wadda kamfanin Victron Energy na ƙasar Holan yake ƙerawa, kuma abin da na fi mayar da hankali a kai shi ne inda take tsayawa idan batir ya kusa cika, da irin ikon da take bai wa mai ita a kan wannan iyaka.

Jikinta ba ya buƙatar dogon bayani. Shuɗiya ce, a rufe take ruf ta yadda ƙura da fesin ruwa ba sa shiga, ba ta da fanka, don haka ba a jin ƙararta, sai dai takan yi ɗumi sosai idan tana tura wuta da cikakken ƙarfinta, saboda haka wuri mai iska ya fi dacewa da ita. Maɓalli ɗaya ne a jikinta na zaɓen yanayin caji, sauran saitin kuwa ta manhajar VictronConnect ake yin sa a waya ta hanyar Bluetooth, kuma yana da kyau a canza lambar sirrin haɗin Bluetooth ɗin tun ranar farko.

Batirin LiFePO4 da ake kira na 12V ƙwayoyi huɗu ne a jere, kowace tana da 3.2V, jimilla 12.8V, kuma iyakar da masu ƙera ƙwayoyin suka saba gindayawa ita ce 3.65V, wato 14.6V ga batirin gaba ɗaya. Cajoji da yawa na litiyam a kan 14.6V ɗin nan aka ɗaure su, ba kuma a iya sauya su. Wannan caja kuwa, a yanayin da aka rubuta Li-ion, a 14.2V take tsayawa, wato 3.55V ga kowace ƙwaya, kuma a ganina wannan zaɓi shi ne mafi girman abin da ta mallaka. Dalilin yana cikin halin ƙwayar kanta: kusan dukan wutar da take ɗauka tana shiga ne yayin da take tsakanin 3.2V da 3.4V, da zarar kuma ta haura wajen 3.45V sai ƙarfin ya riƙa tashi da sauri ba tare da wani abin kirki ya ƙaru a cikinta ba. Abin da ake samu tsakanin 14.2V da 14.6V bai taka kara ya karya ba, haɗarin da ke wurin kuwa na gaske ne, domin ƙwayoyi huɗu ba sa cika a lokaci guda. A ce uku suna kan 3.60V, to kafin jimillar ta kai 14.6V dole ta huɗun ta hau 3.80V, ta wuce iyakarta ke nan, ita kuwa caja ba ta sani ba, tunda jimilla kawai take gani. A 14.2V, uku na iya tsayawa a 3.52V ta huɗun ta kai 3.64V, har yanzu ba ta ƙetare layi ba.

Wasu sukan ce ai allon kariya da ke cikin batirin, wanda ake kira BMS, zai yanke wuta idan wata ƙwaya ta yi sama. Gaskiya ne zai yanke, amma an sa shi ne domin ranar da wani abu ya lalace, kuma wanda ya bar BMS yana tsayar masa da caji kullum daidai yake da direban da ya bar birki ya dogara da shingen gefen hanya wajen tsayar da mota. Cajar da aka saita daidai ita ce ke gama aikinta kafin allon ya ga dalilin sa baki, kuma jadawalin da manhajar ke zanawa yana nuna hakan ƙarara: ƙarfin ya hau 14.2V ya tsaya cak, yawan wutar da ke shiga kuma ya riƙa sauka a hankali, maimakon ya faɗi sifiri farat ɗaya, wanda alama ce ta cewa BMS ne ya katse.

Sai dai bai kamata tsoro ya sa a sauke saitin ƙasa da kima ba. Yawancin allunan kariya ba sa fara daidaita ƙwayoyi sai sun kai wajen 3.4V, kuma da 'yar ƙaramar wuta suke yi, don haka suna buƙatar batirin ya ɗan jima a sama. Manhajar ta ba da damar sauya ƙarfin wannan mataki da tsawon lokacinsa, abin da ke da amfani ga sabon batir ko wanda ƙwayoyinsa suka bambanta. Shawarata ita ce a bar 14.2V yadda yake sai fa idan takardar batirin ta faɗi wani abu dabam, domin ita ce ke da magana ta ƙarshe. Bayan cika, cajar tana saukowa zuwa 13.5V, kimanin 3.38V ga ƙwaya, matakin da ba ya ci gaba da matsa wa batirin. Duk da haka, batirin da za a ajiye watanni gara a cire shi daga caja a bar shi da kamar rabin caji.

Abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne maɓallin nan guda ɗaya. Cajar tana aiki da batirin dalma ma, kuma yanayoyinsa suna kan maɓallin, har da wanda aka rubuta Recondition, mai iya hawa sama da 16V domin farfaɗo da batirin dalma, abin da bai halatta ya kusanci litiyam ba ko sau ɗaya. Yanayin dalma kuma yana ɗaga ƙarfin caji idan ana sanyi, wanda a yanayin litiyam an kashe shi, kamar yadda ya dace. Cajar tana tuna yanayin da aka bar ta a kai ko an ɗauke wuta, amma wanda ke amfani da ita ga batura iri biyu dole ya dubi fitilar da ke nuna yanayin da aka zaɓa kafin ya maƙala wayar cajar a jikin batir. Haka nan rubutun Li-ion na iya ruɗin wani: lissafinsa na LiFePO4 ne, batirin litiyam mai ƙwayoyi uku na 4.2V kuwa a 12.6V yake cika, 14.2V zai lalata shi, yana iya ma jawo gobara.

Akwai abin da wayoyin wuta biyu da ke haɗa caja da batir ba za su taɓa gaya wa cajar ba, wato halin kowace ƙwaya da zafin cikin batirin. Cajin LiFePO4 a ƙasa da 0°C yana sa litiyam ya daskare a matsayin ƙarfe a jikin sandar ƙwayar, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa, saboda haka wanda ke inda sanyi yake kaiwa haka sai ya tabbatar allon batirinsa yana hana caji a wannan hali.

Game da yawan wuta, 15A a kan batir mai 100Ah caji ne na natsuwa, kusan awa bakwai daga ƙasa zuwa cika, nesa da iyakar 50A da kamfanoni da dama ke sawa ga batir mai wannan girma. Ga 200Ah lokacin ya ninka, kuma a nan cajar ta yi ƙanƙanta ga mai gaggawa. Ga ƙaramin batir mai 20Ah kuwa 15A ya yi yawa, sai a koma yanayin rage wuta da aka tanada. Tana kuma iya tayar da batirin da BMS ya kulle har yana nuna sifiri a kan mita, wanda cajoji da yawa kan ɗauka babu batir a jone su ƙi farawa. Da garantin shekara biyar da kamfanin ke bayarwa, ina ganin ta dace da mai batir ɗaya tsakanin 50Ah da 150Ah, da sharaɗin a cajin farko ya ɗora mita a kan kawunan batirin ya gwada abin da ya karanta da abin da manhajar ke nunawa, domin idan an ƙara wa wayar tsawo ko mahaɗar ta yi sako-sako, lambobin biyu za su saɓa yayin da wuta mai yawa ke wucewa.