Kwan LED ɗin da ya kayar da babur ɗina a gwaji

Fitilar gaban babur ɗina ta daɗe tana haske jaja-jaja kamar aci-balbal, shi ya sa na yi odar kwan LED ta intanet. Daren farko da na ɗaura shi titi ya yi fari tas, har tsakuwa nake hangowa daga nesa. Masu tahowa ta gabana kuwa sai dallo mini fitila suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka neman magana ne kawai.

Sai ga ranar duba lafiyar babur. Birki, taya, sigina, duk suka wuce lafiya. Jami'in ya garo na'urar auna haske gaban fitilar, ya ce in hau in zauna, in kunna dim. Ya ɗan leƙa, ya girgiza kai. "Malam, fitilarka ba ta da layi. Dim ɗinka da ful duk ɗaya ne." Haka na koma gida ba takarda.

A wurin mai gyaran waya na gane layin da ake nufi. An ƙera fitilata ne don kwan halojin nau'in H4, mai wat 60 a ful, 55 a dim. A cikinsa akwai siraran wayoyi biyu, kuma ƙarƙashin ta dim akwai ɗan ƙarfe kamar cokali da ke tare hasken da zai tashi sama. Kwanon nan mai sheƙi na bayan kwan an lanƙwasa shi ne daidai da inda wayar take. In ka haska bango za ka ga an yanke hasken a miƙe: ƙasa haske, sama duhu. Kwan da na saya kuwa, inda haskensa ke fitowa ya kauce wa wurin da ɗan kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya watsa haske cikin idon jama'a. Mun juya shi, mun sunkuyar da fitilar, layi bai fito ba.

Ba zan ce ba shi da abin yabo ba. Ba ya shan batir, kuma farin haskensa yana da kyau. Amma fankar da ke gindinsa ta hana murfin roba komawa mazauninsa, ga shi murfin nan ne ke hana ruwa da ƙura shiga. A jikin kwalin an rubuta wai ya dace da kowace fitilar H4. Shiga dai ya shiga.

Da muka mayar da halojin, sai jan hasken nan ya dawo. Mai gyaran ya ce, "Maigida, ai tun farko ba kwan ne mai laifi ba." Ya bi wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir, har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen babur, ya kwance noti, sai ga tsatsa ta cinye wurin. Ya goge da samfefa, ya ɗaure tam, haske ya tashi nan take. Ya kuma ɗora mita a kan batir, na murɗa totur, ta tsaya wajen volt 14, wato caji lafiya lau. Da ta haura 15, da ragileta, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ce ta lalace, ita ce mai ƙona kwan a kai a kai. Na kuma lura bai taɓa gilashin kwan da yatsa ba, da tsumma ya riƙe shi, don maiƙon hannu yana sa gilashin ya yi zafi a wuri guda ya mutu da wuri.

Saiti ne ya rage. Muka tsayar da babur a daidaitaccen wuri, mita 5 daga bango, muka manna tef daidai tsayin tsakiyar fitilar. Na zauna a kai, saboda nauyin mahayi yana ɗaga hancin babur, shi kuma yana juya sukurun saiti har layin ya sauka kamar santimita 5 ƙasa da tef.

Da na koma gwaji, ko minti ɗaya fitilar ba ta ci ba. Mai son LED ya nemi cikakkiyar fitilar da aka ƙera da shi tun daga kamfani, mai tambarin amincewa a gilashinta. Nawa kwan yana cikin durowa, tun daga ranar kuma babu wanda ya sake dallo mini fitila.